Tattabarar Bayan Tanki

Tela yana saukowa daga saman bene, hannunsa na warin guba, sai ga 'yarsa Auta a bakin ƙofa da wasu mutane, kowa rataye da madubin hangen nesa.

"Baba, 'yan ƙungiyarmu ne masu kallon tsuntsaye. Ka ba mu izini mu hau sama. Akwai wani shaho a kan ƙarfen sabis."

Shahon da ya kusa ƙarar masa da tattabaru ke nan. Yanzun nan ya ɗaure wata gurguwar tattabara a bayan tankin ruwa, ya shafe mata wuya da guba, don ɗan banzan ya ci ya mutu. To, ya zai hana? Mutane sun gaishe shi har da rusunawa. Ya bi su suka hau.

A sama gardama ta kaure. Wani dogo ya rantse shahon irin na nan ne.

"Ina!" in ji shugabarsu, wata likita mai furfura. "Dubi ƙeyarsa ja, dubi siririn sajensa. Wannan baƙo ne, daga nesa ya zo. Tun ina budurwa nake nemansa."

Ta share ƙwalla, ta juyo. "Baba, Allah ya saka. Kai ne mai masaukinsa."

Kunya ta kama Tela kamar ya nutse. Auta ta ɗora masa madubin a ido, tana ta murna. Ya ga tsuntsun tar, yana karkata kai, yana leƙen bayan tanki.

"Zai sauko!" in ji dogon.

Tela bai san lokacin da ya yar da hularsa ba. Ya ruga da gudun da rabonsa da shi tun ƙuruciya, ya tsinke igiyar, ya cusa tattabarar cikin riga. Shahon ya tashi, ya ɓace.

"Haba Baba, ka kore shi," in ji likitar. "Amma ba laifi, mai kiwo dole ya ji tausayin dabbarsa."

Ya kasa ɗaga kai. Auta ta dubi guntun igiyar, ta dubi ƙullin maganin da ke leƙe daga aljihunsa. Ta sauka, ta dawo da bokiti da sabulu, ta ajiye a gabansa.

"Ka wanke ta sosai, Baba," ta ce a hankali. "Har da hannunka."