Sabon Tamosta a Ledarsa

Ba su yi nisa da Batsari ba allurar zafi ta haye ja, sai ga farin tururi yana tuttuɗowa ta gefen bonet. Armaya'u ya gangara gefen titi, ya kashe motar, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya kasa waiwayawa.

"Lahiya, Armaya'u?" in ji Inna Hansai daga kujerar baya. Kan mijinta, Baba Mamman, yana bisa cinyarta. Tun da hantsi ciwon ƙirji ya kayar da tsohon a ƙofar gida, a asibitin gari kuma aka ce a hanzarta da shi Katsina.

Baba Mamman bai buɗe ido ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan babbar mota, kunnensa ya ishe shi. Ya ɗan saurari ruwan da ke tafarfasa a lagireto, ya ce a hankali, "Ba ka sa shi ba ke nan."

Armaya'u mahauci ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da na tsohon. Wata biyu da suka wuce motarsa ta fara ɗaukar zafi, bakanike ya ce tamosta ne ke maƙalewa, wato ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, a cire a yar kawai kamar yadda kowa ke yi, ai kayan ƙasar sanyi ne. Baba Mamman ya ce bai san zance ba, wanda ya ƙera inji bai sa abu don ado ba. Shi ne ya sa aka sayo sabo daga Katsina, ya ce, "Noti biyu ne. Ran Juma'a in ka taso daga mahauta sai mu sa." Juma'a takwas suka wuce. Yau biki, gobe kasuwar Safana, jibi gajiya. Motar kuwa tana lallaɓawa a cikin gari in an ƙara mata ruwa. Kullum an fito daga sallar asuba tsohon sai ya tambaya, har ran nan Armaya'u ya gaji ya ce, "An sa, Baba." Ƙarya ce ƙarama, irin wadda ake yi wa tsoho don a samu a wuce.

Yau kuma da maƙwabta suka ce a ɗauko mota daga tasha, Baba Mamman ya ɗaga hannu ya ce a bari, ta Armaya'u ya yarda da ita.

"Baba, ka gafarce ni..."

"Yana ina?"

"Yana nan cikin akwatin gaba."

"To mi kake jira? Ɗaga bonet ta sha iska. Kada ka kuskura ka taɓa murfin lagireto yanzu, ya saɓule maka fuska, mu zama marasa lahiya biyu."

Armaya'u ya fita. Gero ya yi tsawo dama da hagu, babu gida, waya kuma babu sabis. Motoci biyu suka zo, ya shiga tsakiyar titi yana ɗaga hannu, suka kauce masa suka ƙara wuta. Bai ga laifinsu ba. A hanyar nan, a shekarun nan, shi ma ba zai tsaya wa mutumin da ya fito daga gefen gona ba.

Jiran injin ya huce shi ya fi komai ciwo. Ya kai hannu ya janye, ya kai ya janye. Ta tagar baya yana jin numfashin tsohon, da muryar Inna Hansai tana ta salati ƙasa-ƙasa.

"Ɗan mahauta," tsohon ya kira shi. "Bi babban tiyo na sama, inda ya shiga inji. Ka ga noti biyu? Sifana mai lamba goma."

Ya naɗe hannu da tsumma ya kwance. Ruwa mai tsatsa ya zubo masa a ƙafa. Ya zaro tsohon tamostan, ɗan abu bai kai tafin hannu ba, ya ƙame a rufe. Zuciyarsa ta ce ya mayar da murfin gurbin tamostan haka nan babu komai su tafi, amma ai sa sabon bai fi minti ɗaya ba, kuma kunya ba za ta bar shi ba. Ya yage ledar da ta yi wata biyu tana jiransa, ya cusa, ya fara ɗaurewa.

"Sifirin da ke jikinsa ina ya kalla?"

Armaya'u ya tsaya. "Waje, Baba."

"Kai! Mutum ya feɗe bijimi shi kaɗai, ya kasa wannan. Ciki zai kalla, wajen inji. Juya shi. Ka kankare bakin kafin ka sa robar da ta zo da shi."

Ya sake kwancewa, noti ɗaya ya faɗi cikin ciyawa sai da ya durƙusa ya lalubo. Ya juya, ya ɗaure, ya juye jarkar ruwa a lagireto a hankali kamar yadda ake faɗa masa, ya matsa tiyon har kumfa ta daina fitowa. Tsohon ya ce a miƙo masa wanda aka cire ya gani. Ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Ya yi aikinsa, ya gaji."

Motar ta tashi bugu ɗaya. Sun ɓata kusan awa guda.

"To ka ga," in ji Baba Mamman. "Yanzu ka iya. Mu tahi."

Armaya'u bai taɓa jin motar tana tafiya haka ba. Ya taka ta iyakar takawa, allura ta hau zuwa tsakiya ta tsaya cak. Ya so ya faɗa wa tsohon, har ya buɗe baki, sai ya ji salatin Inna Hansai ya canja. Suna hango gine-ginen Katsina ta taɓa kafaɗarsa.

"Sassauta, Armaya'u. Babu sauran sauri."

Likitan da ya duba shi ya ce ciwon mai tsanani ne, ko an zo da wuri sai abin da Allah ya yi. Armaya'u ya so ƙwarai ya yarda da maganar nan. Inna Hansai kuwa ba ta tambaye shi komai ba, ko a ranar ko bayanta, duk da a kunnenta aka yi zancen tamostan. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Suka juyo da gawar don a samu yin jana'iza kafin magariba. Inna Hansai ta buɗe hannun mijinta ta zare tsohon tamostan, ta rasa inda za ta ajiye, ta miƙo gaba. Armaya'u ya ɗora shi a kujerar da ke gefensa. Suka wuce wurin da suka tsaya ɗazu, ga jiƙar ruwan tsatsa a ƙasa ba ta gama bushewa ba, ga yagaggiyar ledar ta maƙale a ciyawa. Ya dubi allurar. Tana nan a tsakiya, ba ta motsa ba har ƙofar gida.