Abin da Rekiya Ta Gani a Ɓawon Albasa

Shekara biyu Rekiya tana haddace darasin ƙwayoyin halitta a wata sakandare da ke Sheda, amma ba ya zama a kanta, domin a allo kawai take ganin zanensu. Bana aka buɗe musu ɗakin gwaje-gwaje. Malam Timothy, malamin kimiyya, ya sa kowa ya zo da albasa.

Ta ɗora siririn ɓawon ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma, ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Malam, ashe jere suke kamar bulo? Na ɗauka kai ka ƙirƙiro su."

Ya yi dariya har da dafa tebur. A jarrabawar zangon, ita ta zo ta uku.