Abin da Direba Ya Roƙa

"Ɗaga ni, Tela, numfashin nan yana yi min gardama."

Tela ya cusa filo a bayan tsohon direban, maƙwabcinsa da katanga kaɗai ta raba su. Ɗakin sai warin man zafi da zufa. 'Yar Direba ta fita neman likita, ta bar su da hoton Janar a saman gado, gilashinsa fes, don shi kaɗai ake gogewa a ɗakin.

Sun tsufa suna musu a kan mutumin nan. Direba kan ce a zamanin Janar ko jaka ka yar a titi, za ka dawo ka tarar da abarka. Shi kuwa Tela ƙanensa aka ɗauke a bakin shago da rana tsaka, don ya yi dariya ana jawabin Janar a rediyo. Har yau ko takalminsa ba a gani ba. Kuma duk unguwa an san motar da Direba ya ja a lokacin, babbar nan mai rufaffen baya, mai fita cike da mutane ta dawo wayam. Tela bai taɓa tambaya ba, tsoron amsar yake.

Direba ya damƙi hannun rigar Tela.

"Sitiyari kawai na riƙe, wallahi. Ba a waiwaye a aikin. Madubin ma cire shi suka yi."

Ya ƙara jawo Tela kusa.

"Kai dai ka ce min Janar mutumin kirki ne. Bai ci hanci ba, ko gida bai gina ba. In shi mai gaskiya ne, ai ni ma..." Tari ya ƙwace sauran maganar.

Ashe duk musun nan ba Janar yake wankewa ba. Tausayi ya kama Tela, haushi kuma ya fi shi ƙarfi.

"Bai yi sata ba," in ji Tela. "Wannan na yarda."

"To, ka ƙarasa mana, ɗan'uwa."

"A ina kuke sauke su?"

Direba ya zuba masa ido. Leɓɓansa suka motsa, Tela ya kai kunne har yana jin ɗumin bakinsa, amma iska ce kawai ta fito, daga ita kuma babu wata.

Da 'yar ta shigo da likita, sai suka tarar da Tela a bakin gado, yana ɓanɓare yatsun mamacin daga hannun rigarsa, ɗaya bayan ɗaya.