Wanda Ya Ɗaure wa Yaro Takalmi

Ni ba mai surutu ba ne, kuma a garinmu ba wanda zai ce ya taɓa jin muryata ta tashi. Shi ya sa da na kwashe lokacin sanyi guda ina shan kaye a gasar su Babana, ba wanda ya kawo komai a ransa. Cewa kawai suka yi ɗan Lorne bai gaji kan ubansa ba.

Gasar ta girme ni. Mutum takwas ne, yawancinsu manoman alkama, sai mai gyaran tarakta da direban motar share ƙanƙara. Kowa yana da ƙungiyarsa ta hokin ƙanƙara, amma a allo kawai take. Za ka zaɓi 'yan wasa na gaske, in ɗan wasanka ya zura a raga a can babbar gasa, makin ya faɗo maka nan gida. Wanda ka ɗauka naka ne har ya tsufa ya ajiye sanda, sai fa in ka yi musayarsa da wani. Sau ɗaya a shekara, kafin a shiga girbi, ana taruwa a garejin Baba Orest, shugaban gasar, a ɗebi yara masu tasowa. Na ƙarshe a tebur shi ke fara zaɓe, zakara shi ke rufewa. Ka faɗi sunan yaro, ka ɗauki faifan robar da ake bugawa a wasan, ka jefa shi cikin tsohon bokitin madara. Da bokiti ya yi ƙara, magana ta ƙare.

Akwai kuma al'adar da ba a rubuta ba. Yaron da ka durƙusa ka ɗaure wa igiyar takalmin ƙanƙara yana ƙarami, naka ne. Ko ya fi kowa iyawa, sauran za su tsallake shi har layi ya zo kanka. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, don garinmu ƙarami ne, yaro daga nan ya kai matsayin da za a zaɓe shi abu ne na shekaru.

Tanner ya kai. Ɗan maƙwabciyarmu ne, ubansa ya tafi aikin haƙar mai bai ƙara waiwayo ba. Babana ke ɗaukarsa a mota da asuba cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci, ya kai shi filin ƙanƙara, ya ɗaure masa takalmi da yatsun da suka tsattsage. Ni ma ina bin su, amma ni ƙafata ba ta taɓa yarda da ƙanƙara ba. Baba bai taɓa nuna mini ya damu ba, ni kuma ban taɓa jin haushin Tanner ba.

Shekarar da Tanner ya isa zaɓe, mutum biyar suka tsallake shi. Layi ya zo kan Merle, wani dattijo cikin 'yan gasar, daga shi sai Babana. Merle ya tashi ya gyara wando, ya ce, "Tanner," ya saki faifai a bokiti.

Baba Orest ya ce, "Haba Merle, yaron Lorne ne fa."

Merle ya ce, "Nuna mini inda aka rubuta."

Babana ya yi dariya, ya ɗauki wani yaro daban. Da muka dawo gida ya kashe mota ya zauna a ciki har abinci ya huce.

Tanner ya zama abin da Baba ya ce zai zama. Duk ƙwallon da ya ci, Baba zai yi tsalle a gaban talabijin, sannan ya tuna, ya koma ya zauna a hankali. Da ciwon huhu ya kwantar da shi, Merle ya zo duba shi asibiti da jarida a hammata. Ina wurin. Baba ya ce masa ya ɗauki duk mutum ukun da yake so a ƙungiyarsa ya ba shi Tanner.

Merle ya dafa masa ƙafa ya ce, "Kai dai ka warke tukuna. Bari a gama kakar wasan nan, ina gab da cin kofi."

Ya ci kofin. Baba bai ga ƙarshen kakar ba.

Ni na gaji ƙungiyar, Dilolin Lorne, ban canja mata suna ba. Na kuma san abin da kowa ya sani, cewa Kael jikan Merle zai isa zaɓe a shekara mai zuwa. Merle ya ɗaure wa yaron nan takalmi tun bai iya tsayuwa ba. Hotonsa na manne a gaban motarsa, yana kan firij, yana bangon wayarsa. Ba ka isa ka sha kofi da Merle ba ka ji labarin Kael ba.

Sai na fara faɗuwa. Duk ranar da gwanayena za su buga wasa, in zaunar da su a benci in saka masu rauni. Golana mai kyau ya huta har ya gaji da hutu. Ba na yi da garaje, don kada Baba Orest ya farga. Wani makon in ci, makonni biyu in sha kashi. Dwight mai gyaran tarakta ya sa mini suna Gidan Sadaka. Merle kuwa har shawara yake ba ni a bakin coci.

"Ɗan Lorne, in abin ya fi ƙarfinka ka zo in koya maka. Babanka, Allah ya jiƙansa, ba zai so ganin haka ba."

In ce, "Na gode, Baba Merle."

Mama ce kaɗai ta gane. Wata rana tana murza ƙullu ta leƙo wayata ta ce, "Rylan, wannan golan ba shi ne babanka yake ce wa katanga ba? Me yake yi a benci?"

Na ce, "Yana hutawa."

Ta dube ni ta ɗan jima, ta koma kan ƙullunta. Ba ta ƙara tambaya ba, ba ta kuma ce in bari ba.

Na ƙare na ƙarshe. Merle ya sake cin kofi, don haka shi zai rufe zaɓe. Bai damu ba ko kaɗan. Ya san mutum bakwai za su tsallake masa jikansa, ai al'ada ce.

Ranar zaɓe Lahadi ce, bayan an taso coci. Rana ta buɗe, alkama ta yi ja har bakin hanya. A garejin an tura motar girbi gefe, an jera kujerun roba, ga naman barewa a kan wuta, ga giya cikin baho da ƙanƙara. Na ƙarshe dole ya sa tsohuwar hular wasa da aka liƙa wa kunnuwan jaki, ya zauna da ita har a tashi. Dwight ya kifa mini ita da kansa.

"Kai, kamar don kai aka yi ta! Orest, duba, har ta fi yi masa kyau a kan fuskarsa ta gaske."

"Ƙyale yaron nan," in ji Baba Orest. "Kai shekara nawa ka sa ta? Har yanzu warin kanka ne a ciki."

Merle ya shigo da leda a hannu. Ya zaro riga sabuwa fil mai launin ƙungiyarsa, da sunan Kael a baya, ya rataye ta a jikin madubin motar girbi don kowa ya gani.

"Na faɗa wa yaron jiya a waya," in ji shi. "Na ce gobe kai ɗan ƙungiyar kakanka ne. Ya ce Kaka, to kar ka sa ni a benci."

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

A shekarar akwai wani yaro ɗan ƙasar Finland da duniya ta yarda ba a yi kamarsa ba an daɗe. Kowa ya san shi ne na farko. Kael yaro ne mai ƙoƙari, mai tsaron baya ne mai ƙarfin kafaɗa, amma ko kakansa ba zai haɗa shi da wancan ba.

Baba Orest ya miƙo mini faifai ya ɗauki alli. "To, Dilolin Lorne. Faɗi sunan Bafinlanden nan mu wuce, in ka iya furta shi."

Dwight, wanda shi ke bi na, ya ce, "In harshenka ya harɗe ka bar mini shi, ni na yi mako ina gwadawa a banɗaki."

Na tashi, kunnuwan jaki suna rawa a kaina. Faifan ya yi sanyi a hannuna. Na je gaban bokiti, na juyo na dubi Merle don ina so in ga fuskarsa. Yana cikin buɗe gwangwanin giya.

Na ce, "Kael."

Na saki faifan. Bokitin ya yi ƙara har sai da karen Baba Orest ya ɗaga kai.

Kumfa ta taso daga gwangwanin Merle ta bi masa yatsu, bai ko duba ba.

"Wasa yake yi," in ji Merle. "Orest, wasa yaron yake yi. Ciro faifan."

Baba Orest bai motsa ba. "Bokiti ya yi ƙara, Merle."

"Jikana ne! Ni na ɗaure masa takalmi! Duk wanda ke garejin nan ya sani!"

Na ce, "Na sani, Baba Merle. Na sha ganinku."

"To mene ne wannan? Ina al'ada?"

Na daɗe ina ajiye amsar nan a bakina, na zaci da ƙarfi za ta fito. Sai ta fito a hankali, kamar ina tambayarsa lafiyar gida. Na ce, "Nuna mini inda aka rubuta."

Dwight ya saki wani dogon fito. Wani daga baya ya ce, "Tabɗi." Baba Orest ya juya ga allo ya rubuta sunan Kael a ƙarƙashin Dilolin Lorne, ya bi harafin farko da alli sau biyu don ya fito sosai.

Merle ya dube ni, ya dubi hular da ke kaina, sai na ga abin ya faɗo masa. "Da gangan ka yi ta faɗuwa. Tun farkon sanyi."

"Ni ban iya ba ne kawai. Ai kai ma ka ce za ka koya mini."

Dwight ya miƙe da sauri kamar wanda ke tsoron a fasa, ya kira sunan Bafinlanden, ya karya shi gida uku, ya wurga faifai. "Allah ya ƙara muku rigima!" in ji shi. "Ni dai na ci riba." Ba wanda ya taya shi dariya sosai.

Aka ci gaba. Da layi ya zo kan Merle, ya faɗi wani suna da ban tabbata ya san mai shi ba, ya yar da faifan. Sannan ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya rage murya.

"Rylan. Ɗana. Tsaya ka ji. Zan ba ka Tanner."

Ya ƙara matsowa kusa da ni.

"Tanner fa na ce. Kai-da-kai, ka ba ni Kael kawai, ba sai ka ƙara komai ba. Kowa a nan zai ce na haukace. Ka mayar da shi ƙungiyar babanka, inda ya kamata ya kasance tun farko. Na faɗa, ga shi a gaban mutane, inda ya kamata ya kasance."

Gaskiya sai da zuciyata ta motsa. Na ga sunan Tanner a ƙarƙashin na Baba a allon nan, abin da na sha gani a mafarki. Amma wanda zai yi tsalle a gaban talabijin ba ya nan. Ni in na karɓi Tanner, maki kawai na karɓa.

Na ce, "A'a, Baba Merle. Ka riƙe shi."

"To me kake so? Faɗi."

"Ba na son komai. Zan kula da Kael, ba zan sa shi a benci ba. Duk ranar da ya ci ƙwallo zan kira ka in yi maka murna."

Idanunsa suka kaɗa. Tsoho ne, kuma ban ji daɗin ganin haka ba kamar yadda na zata. Amma ban ji zan janye ba.

"Me zan ce wa yaron?" in ji shi.

"Ka faɗa masa yadda aka yi. Ka faro tun daga farko."

Ya tashi ya fita, bai tsaya cin nama ba. Muna jin motarsa tana watsa tsakuwa har ta hau titi. Baba Orest ya zo ya cire mini hular da kansa tun ba a tashi ba, abin da ban taɓa ganin an yi wa kowa ba. Bai ce na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Ya yanko nama ya sa mini a faranti.

Na koma gida da sauran rana. Na tarar da Mama a bayan gida tana tsinkar wake a lambu, ta cika gaban rigarta. Ba ta ɗago ba.

"Ka ɗauke shi?"

"Na ɗauke shi."

"Ya roƙe ka?"

"Ya roƙa. Har Tanner ya ce zai ba ni."

Ta tsinki wake biyu, ta jefa ɗaya mai tsutsa bayan shinge.

"Darlene matarsa za ta daina gaishe ni a coci," in ji ta. "To, dama gaisuwar tata ba ta ƙara mini komai. Zo ka riƙe mini kwanon nan, bayana ya gaji."