Sharhin Kawu

Tun safe Injiniya take rawar ƙafa kamar wadda ta tsinci dami a kala. Yau take kwashe rumbun bayanan kamfanin irin shuka daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa. Ta fitar da kwafin tsarin, ta loda, komai ya hau lafiya lau. Oga ya washe baki, ya ce mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo ya ɗauke tsohuwar.

Ana cikin murna sai mai kula da sito ya leƙo allon.

"Ranki ya daɗe, k7 ɗin nan fa? Irin da aka yi wa feshi ne, ko wanda ba a yi wa ba?"

Ta danna don ta karanta bayanin. Wayam!

Kawunta ne ya gina rumbun shekara ashirin da suka wuce, kuma mutumin akwai rowar haruffa: k7, m2, t9, haka yake raɗa wa ginshiƙan jadawalin bayanan suna. Ma'anar kuwa sai ya zuba ta a sharhin da ke maƙale da kowanne. Ita kuma, garin neman fayil mara nauyi, ta zaɓi a fitar da kwafin ban da sharhi. Garin gyaran gira! Ga Kawu tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki magana ta ɗauke, balle a tambaye shi.

Ko takalmi ba ta nema ba. A bakin titi ta cim ma mai gwangwan, har ya ɗaga guduma.

"Baba, don girman Allah tsaya!"

"'Yata, ƙarfe ne fa, ba jariri ba."

Ta rungumo kwamfutar, ta haye bene tana haki, ta jona, ta sake fitar da kwafin, wannan karon da sharhinsa duka. Bayanai suka dinga zubowa, ta buga tsalle har kujera ta kife.

"Ga shi! k7, wanda aka yi wa feshi, kada a sayar don ci!"

Ofis ya kaure da shewa. Tana dariya tana gangarawa ƙasan allon, sai ta tsaya a kan t9: "Ranar gwajin tsiro. Ɗiyar ƙanwata ce ta ce in ƙara shi, shekarunta tara. Wata rana ita za ta karanta wannan."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗauki hoton allon. Yau da yamma za ta karanta wa Kawu.