Gidan Ɗinkin da Ke Cin Wuta a Kulle

Sahura ba ta gama shan ruwan da aka miƙo mata ba Khalil ya turo mata wayarsa a kan tebur, ya ce ta duba da idonta. Ita da ta kwaso hanya tun daga Ɗan Kassari a bayan babur, ƙafafu duk laka, ko sannu da zuwa ta kirki ba ta samu ba. Ta ɗauki wayar ta nisanta ta da fuskarta, don ido ya fara yi mata gardama. Dogon Dutsi ce kwance a ciki, ga kwalta ta ratsa gari, ga kasuwa, kuma a kan kowane ginin jama'a an ɗiga ɗigo. Makarantu kore, ɗakin haihuwa ruwan ɗorawa. Can gefen gari kuwa, inda gidan koyon ɗinki na mata da take shugabanta yake, ɗigon ja ne wur.

Khalil shi ne saurayin da ma'aikatar magajin gari ta ɗauka don wannan sabon aiki, kuma bakinsa bai san gajiya ba. Ya ce yanzu duk wutar da ginin jama'a ya ci ana ɗora ta a taswirar nan, duk mai waya yana iya gani, daga nan har Yamai. Ya ce wutar da aka ci a banza hayaƙi ne aka tura sama a banza. Ya ce masu furojen tallafin da za su kafa wa gine-gine faifan hasken rana sun rantse ba za su zuba ruwa a kwando ba, duk ginin da ya yi ja babu shi a rabon. Rabin maganar da faransanci ya yi ta, Sahura tana gyaɗa kai tana jiran ya iso inda za shi.

"Madam, gidan nan naku ba a kulle yake ba tun saukar ruwa?"

"A kulle yake. Ni na kulle shi da hannuna, mata duk suna gona."

"To tun da kika kulle shi yake cin wuta fiye da lokacin da ake aiki a ciki."

Ya karɓe wayarsa ya gaya mata sauran ba tare da ya dube ta ba. Gobe majalisa za ta zauna. Ko ta zo da bayani, ko ta zo da makulli.

Makulli! Sahura ta fito daga biron, wato ofishin Khalil. Gidan nan ita ta yi ta jeka-ka-dawo a kansa tun yana kango, ita ta roƙo kekuna, ita ta bi gida-gida tana lallashin maza su bar matansu su fito. Yau don wani ɗigo a wayar yaro za a ce ta kawo makulli. Da ta ratsa kasuwa ta ga kamar kowa ya riga ta jin labari. Mai tumatir ya gaishe ta gaisuwar da ta yi tsawo. Wata mai ƙosai ta tambaye ta, da dariya a baki, ko har yanzu ana samun ƙanƙara a wajenta. Ashe har an gama shari'a a gari: firigo, wato firji, ta jera a gidan mata tana sayar da ƙanƙara da wutar gwamnati. Ta wuce abinta, amma abin ya ci mata rai ƙwarai.

Tana tafe tana jera mutane a zuci tana auna su. Shi kansa Khalil ɗin ba ta yarda da shi ba. Gwaggonsa ta daɗe tana hangen gidan nan, kuma wa ya san ko yaron da yatsansa yake shafa wa ɗigon launi? Amma ruwa ba ya tsami banza. In mita ta juya, akwai mai juya ta. Kafin ta kai unguwar zuciyarta ta riga ta tsaya a kan mutum ɗaya: Mani mai walda, wanda rumfarsa ke jingine da katangar gidan ɗinkin. Mutumin da ke yini yana tartsatsin wuta, kuma ba a taɓa jin ya yi kukan tsadar kuran, wato wutar lantarki, ba.

Ba ta nufi ƙofa ba. Ta zagaya ta bayan katanga tana duban sama tana duban ƙasa, tana tona rairayi da bakin takalmi ko za ta ci karo da waya a binne. Ta leƙa magudanar ruwa. Ta ɗaga wani tsohon kwanon rufi da ke jingine, ƙadangare ya fito a guje. Tana cikin haka ta ɗago ta ga Mani tsaye, ya ture baƙin tabarau a goshi, yana kallonta. Ko gaisuwa ba ta bari sun gama ba ta tambaye shi ina ya bi da wayar.

Mani ya ajiye abin waldarsa. Sannan ya kama hanya ya nuna mata mitarsa a jikin turke, ya nuna mata wayarsa tun daga sama har injin, ya ce ta bi da hannu in tana so. Muryarsa ba ta tashi ba, amma an ga ransa ya ɓaci.

"Madam, ni ne ma ya kamata in tambaye ki. Dare da rana ina jin keke yana gudu a ciki, rediyo yana magana, ƙofa kuwa da kwaɗo. Na ce da kaina Madam ta samu kwangilar kayan makaranta a ɓoye, ba ta son sauran mata su ci. Na kama bakina don maƙwabtaka. Ashe ni ake nema."

Ya kashe injinsa ya ce ta saurara. Sahura ta kasa kunne. Ai kuwa ga shi, wani gunji siriri yana fitowa ta jikin katangar, da muryar namiji can ƙasa-ƙasa. Ta bar Mani a tsaye ba ko ban haƙuri, ta zagayo ƙofa, ta buɗe kwaɗon.

Sanyi ne ya fara marabtarta. Kilimar sanyaya ɗaki da ke ƙaramin biro, wadda ita kanta ba ta kunnawa sai ranar da baƙi suka zo daga Doso, tana ta huci an bar ƙofarta a wangale. Fankokin sama duka suna juyawa. Ƙwan lantarki duka a kunne, da tsakar rana. Rediyo a kan teburin yanka yana ba da labarin farashin gero ga kujeru. A tsakiyar ɗaki kuwa keken surfani ɗaya yana ta gudu shi kaɗai, an cire masa allura, an danne matakin da dutse. Ba kowa, ba ƙyalle ko ɗaya, ba firigo. Sahura ta tsaya riƙe da kwaɗo. Da ɓarawo ta tarar da ta san abin yi, amma wannan ta rasa sunan da za ta ba shi.

Ba ta taɓa komai ba. Ta janyo ƙofa, ta zauna a bayanta tana jira, don wanda ya ɗora dutse zai dawo ya ɗauke shi kafin keken ya ƙone. Ba ta daɗe ba kuwa ta ji takun ƙafa, ta ji an yi turus da aka ga ba kwaɗo a ƙofar. Aka turo ƙofa a hankali. Ma'u ce, mataimakiyarta, wadda ta bai wa makulli na biyu saboda ko uwa ɗaya ta haife su iyakar yardar ke nan. Daga gona take, fartanya a kafaɗa. Da suka haɗa ido sai fartanyar ta zame ta faɗi.

Sahura ta faɗa mata ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta tambaye ta wa ta bai wa hayar ɗakin, wa ya saye ta, ko gwaggon Khalil ce ta sa ta don a ɓata mata suna. Ma'u ta bari sai da ta gaji, sannan ta durƙusa ta gaya mata. Ta tuna mata cewa inda aka gina ɗakin nan da tsamiya ce, kuma duk ɗan Arewa ya san tsamiya irin wannan ba ta rasa mai ita. Ta tuna mata bara, da aka dawo daga hutun damina, yadda Amira, ɗaya daga cikin masu koyo, ta yanke jiki ta faɗi a kan keke tana magana da muryar da ba tata ba. A lokacin Sahura ta ce zafi ne da yunwa, aka bar maganar a gabanta. A bayanta kuwa mata sun je wajen wata tsohuwa a Tibiri, ta ce musu doguwar wurin, aljanar tsamiyar, ba ta shiga ɗakin da ke da motsin mutane, amma in ta ji shiru ya daɗe sai ta ɗauka an mayar mata da wurinta. Shi ne bana suka yanke cewa ɗakin ba zai yi shiru ba. Kowace da ranarta, ta karɓi makulli wajen Ma'u, ta zo ta canza keke, ta tabbata rediyo yana magana.

"Kowace? Duka?"

"Duka, Yaya."

"Ni kaɗai ce ban sani ba."

Ma'u ta sunkuyar da kai. "Ke matar Malam Munkaila ce. Da mun gaya miki cewa za ki yi shirka ce, ki kashe komai. Mu kuma wallahi ba mai sake taka ƙofar nan."

Wannan ita ce ta fi yi wa Sahura ciwo, fiye da zancen ƙanƙara. Tun safe take zargin na waje, ashe matan da take ci da su kwano ɗaya ne suka haɗa baki suka kewaye ta, kuma suna kallonta tana tafiya gona ba wadda fuskarta ta nuna. Ta ji kunyar Mani, ta ji haushin Ma'u, ta ji tausayin kanta, duk a lokaci guda.

Sai ta zauna tana lissafin gobe. In ta faɗi gaskiya a majalisa, kafin Juma'a samarin masallacin mijinta sun ɗauki zancen, a yi wa'azi da sunan gidan, maza su tsare matansu, Ma'u ta rasa inda za ta sa kanta. In ta yi shiru, ita ce ɓarauniya, makulli ya tafi. In ta kashe wuta ta kulle, ɗigo ya koma kore, amma ɗakin zai zauna ba kowa har abada. Gaba kura, baya sayaki.

Ta tashi. Ta ture dutsen da ƙafa, ta kashe kilima, ta kashe fankoki da ƙwan lantarki, ta murɗe rediyo. Ma'u ta dafe ƙirji tana kallon rufi. Sahura ba ta kula ta ba. Ta buɗe tagogi duka, ta janyo tsohon keken ƙafa daga lungu, wanda ba ruwansa da kuran, ta kakkaɓe shi ta zuba masa mai. Sannan ta kira Khalil a waya. Ta ce masa ta gano abin, ita ce ta tafi gona ta manta komai a kunne, sakacinta ne, kuma haka za ta faɗa wa majalisa. Khalil bai gamsu ba, ya ce mantuwar da ta haɗa har da kilima babbar mantuwa ce. Ya ce zai sa ido a kan ɗigon, in ya sauka zai yi mata magana a bar mata makullin, in bai sauka ba ita da majalisa.

Ta juya ta gaya wa Ma'u ta je ta shaida wa mata cewa daga yau ita za ta riƙa yini a ɗakin nan har a yi girbi, tana ɗinki, su zo su gani da idonsu babu abin da zai same ta. Gonarta ta Ɗan Kassari kuwa, sai dai ciyawa ta yi yadda ta ga dama. Ta sa tsumma a ƙarƙashin allura ta fara takawa.

Zuwa la'asar mata sun fara leƙowa ɗai-ɗai. Ba wadda ta yi mata musu, ba wadda ta kawo zancen wuta. Kallonta kawai suke yi da wani irin girmamawa da ba ta saba gani ba, kuma ba ta ji daɗinsa ba. Tsohuwa Dije, ɗaya daga cikinsu, ta shigo da ƙwaryar fura, ta wuce Sahura, ta ajiye ta can a kusurwar gabas ta rufe da faifai. Ta dawo ta dafa kafaɗarta.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Motsin mutum ya fi na ƙarfe, mai tsamiyar ma ta fi son hakan. Da ma mun ce kin sani, nauyin Malam ne ya hana ki faɗa."

Daga rumfar Mani ana jiyo wani mai kabu-kabu yana ba da labari da ƙarfi, wai matar Malam Munkaila da kanta ta bar gona ta zo zaman gadin doguwa. Kafin magariba zancen zai kai masallacin mijinta.

Sahura ta buɗe baki za ta miƙe ta wanke kanta. Sai ta ga idanun matan duka a kan ƙafafunta suke. In ta ɗaga su daga kan matakin, ɗakin zai yi tsit.

Ta rufe bakinta, ta gyara zaman tsumman, ta ci gaba da takawa.