Launi Uku da Ƙanƙarar Ƙarya

"To, mu yi ta a fili," in ji Royce Talbot, ya ture kofin gahawarsa gefe. "Kai ka yanka ka haɗa mini nawa, ni in fente maka naka. Babu kuɗi a tsakani."

Na nuna masa akwatin gilashin da ke bayan kantar shago, inda ƙananan sojojinsa na wasa, na bara, suke jere suna ƙyalli. Na ce, "Fenti irin wancan?"

"Irin wanda zai sa matarka ta daina cewa kana wasa da 'yar tsana, tsoho."

"Dolores ba ta taɓa cewa haka ba."

"Tana faɗa a ranta."

Muka yi musabaha a teburin baya na shagon Marlene, ita kuma tana tsaye da tsumman goge tebur a hannu tana kallonmu. Farkon bazara ne, ƙanƙarar tafkin Erie ba ta daɗe da narkewa ba. Babbar ranar wasa ta shagon kuwa sai watan Agusta.

Ni sunana Vernon Kubiak. Na bar wasan nan na yaƙi da ƙananan sojoji a kan tebur tun gashina yana baƙi. Na tuƙa babbar mota, na yi gyaran firiji, na yi renon 'ya'ya har suka watse. Da na ajiye aiki, Dolores ta tura ni share ɗakin ƙasa, sai na ci karo da akwatin takalmi cike da sojojina wadanni na dalma, masu gemu da gatura, kowanne bai wuce tsawon babban yatsa ba. Na zauna a kan matakala da su a hannu har ta leƙo ta ga ko faɗuwa na yi.

Da na koma shagon Marlene sai na tarar duniya ta tafi ta bar ni. Dalma ta zama tarihi, komai na roba ne. Fentin ma yanzu da ruwa ake sirka shi, ana shafa shi sirara-sirara har sai fuskar soja ta yi kamar za ta yi magana. Mu a zamaninmu fentin mai muke lafta musu, irin wanda za ka shafa wa ƙofar gareji. Kunya ta sa na jiƙa wadannina a ruwan wanke injin, na kankare tsohon fentin tas, suka koma farin ƙarfe. Daga nan na kasa taɓa su. Idona ba na da ba ne, buroshi kuma ya zama baƙo a hannuna. Amma zarto da magagari da abin huda, waɗannan ba su manta ni ba.

Shi kuwa Royce dillalin motoci ne, bakinsa zaƙi, hannunsa a fenti ba a magana. Sai dai in ka ba shi gam, yatsunsa zai fara mannewa kafin soja.

Ranar Agusta tana da dokoki biyu tun zamanin mahaifin Marlene. Rundunar da ba ta da aƙalla launi uku a jikin kowane soja ba ta hawa tebur, a akwati za ta wuni. Sannan rundunar da mutane suka zaɓa ta fi kyau, a rubuta sunan mai ita a allon katako da ke bango, shi kuma Asabar ta gaba ya zauna a teburin gaba ya nuna wa jama'a yadda ya yi aikinsa. Ni allon bai dame ni ba. Abin da nake so kawai in jera wadannina a kan tebur a gaban mutane, ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Aikin da Royce ya ɗora mini ba na wasa ba ne. Mahayan doki yake da su, yana so a sauke su daga dawakai a ɗora su a kan kyarketai, kowanne da mayafin gashin dabba a kafaɗa, kuma kada a sami biyu masu kai iri ɗaya. Ƙafar da aka yi don bayan doki ba ta zama a bayan kyarkeci. Sai ka yanke ta a gwiwa, ka huda, ka sa waya, ka tanƙwara, ka cike gurbin da koren danƙon nan da ake cuɗawa. Mayafin ma da danƙon nake yi, in jiƙa bakin allura in riƙa jan gashin sili-sili kafin ya daskare. Wuyana ya sanƙare, na yanki babban yatsana har Dolores ta yi barazanar kulle mini wuƙaƙen. Kafin Yuni ya ƙare na miƙa masa kayansa. Ya ɗaga ɗaya ga hasken taga ya yi fito.

"Tsoho, ashe kai maye ne."

"Ina nawa?"

"Suna hanya."

Yuli ya zo ya wuce suna hanya. In na kira shi, yana tare da mai sayen mota. In na tare shi a shago, sai ya dafa kafaɗata ya ce aikin kirki ba ya son gaggawa. Lahadin ƙarshe kafin babbar rana ya tsaya ƙofar gidana, ko injin motarsa bai kashe ba, ya miƙo akwatin.

Na buɗe a nan bakin ƙofa. An fesa musu ruwan ƙasa daga kai har ƙafa, an ɗiga azurfa a bakin gatari, an ɗiga ja a gemu. Shi ke nan. Jikata mai shekara biyar da ta fi haka tausayinsu.

Na ce, "Royce, mene ne wannan?"

"Ƙirga launin."

"Na ce mene ne wannan?"

"Ruwan ƙasa, azurfa, ja. Dokar Marlene nawa ta ce? Za su hau tebur, ko ba shi kake so ba?"

"Na nuna maka na cikin gilashi, ka ce irinsa!"

"Ni cewa na yi zan fente su, Vernon. Ban ce zan yi musu kwalliyar aure ba. Nawa ma ban gama ba, ka tausaya mini mana."

Ya ja motarsa. Na rufe akwatin na koma ciki. Na yi shekaru ina hulɗa da 'yan kwangila da masu awon kaya a kan hanya, na san cuta kala-kala, amma ban taɓa ganin wanda ya cuce ni yana nuna mini doka da yatsa kamar alheri ya yi mini ba.

Kwana biyu ina zagaye kicin ina zaginsa. A na uku Dolores ta share rabin teburin cin abinci, ta shimfiɗa tsohuwar jarida, ta dangwarar da akwatin.

"Ko ka zauna ka fente kayanka, ko ka fita waje ka yi masifarka. Kunnena ya gaji."

Na sa tabarau mai ƙara girma a kan tabarau na, na zauna. Ba zan yi maka ƙarya ba, aikin bai yi kyau ba. Shuɗin rigunan ya haura kan gemu, zinaren hular ya yi kauri. Sarkin wadannin kuwa da na zo ɗiga masa ido, ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli yamma, ya fito kamar wanda ya kwana a mashaya. Amma dai sun zama mutane, ba tarin laka ba.

Ranar Asabar gari ya waye da wani irin gumi, iskar tafki ta jiƙe kamar tawul ɗin da aka manta a banɗaki. Na isa da wuri, na tarar da Royce a filin ajiye motoci, ya jera kyarketansa a kan kwali a bayan mota, yana girgiza gwangwanin feshin ƙarshe, wanda ake yi wa soja don kada hannu ya goge fenti. Da safen nan ya gama su. Gaskiya sun yi kyau har sai da raina ya ƙara ɓaci. Kowa a harkar nan ya san ba a yin wannan feshin in iska tana da danshi. Shi ma ya sani, gaggawa ce ta rufe masa ido.

Don aikina ne a kan kwalin, ba don shi ba, na ce, "Royce, iskar nan jiƙe take."

"Je ka kama kujera, tsoho, kafin matasa su cinye donat ɗin karin kumallo."

Ya fesa. Kafin ya mayar da murfin gwangwani, wani farin hazo ya fara hawa kansu. Mayafan da na ja wa gashi sili-sili, fuskokin da ya yi makonni yana shafawa, duk suka yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari. Fuskarsa ita ma ta yi fari. Na ce a raina, yau dai an yi mini sakayya tun kafin in karya kumallo.

Ashe ban gama sanin dillalin mota ba. Ya tsaya ya ƙura musu ido, sai ya ruga cikin shago, ya buɗe firijin Marlene, ya ɗauko kwalin farar hodar nan da ake ajiyewa don kashe wari. Ya shafa gam a gindin kowane kyarkeci, ya barbaɗa hodar, ta zama dusar ƙanƙara. Ya jera su a tebur yana gaya wa duk wanda ya matso cewa mahayan hunturu ne, sun fito daga guguwa.

Mutane suka yi dafifi a kansu. Zaɓe a shagon da wake ake yi, kowa ya jefa ƙwaya a kofin da ke gaban rundunar da ta burge shi. Kofin Royce sai da ya cika ya zube. Ina jin wata mata tana tambayarsa yadda ya yi gashin mayafan, ya gyara murya ya ce, "Haƙuri ne kawai, da allura." Allura! A bakina ya ji.

Marlene ta zo ta tsaya kusa da ni, ta rage murya. "Ina nan lokacin da kuka yi musabaha. Kana so in yi magana?"

Na ce, "A'a. Asabar mai zuwa wa zai zauna a teburin gaba?"

Ta dube ni, ta rufe baki da tsummanta, ta wuce.

Wadannina sun hau tebur ranar. An ci mu sau biyu, mun ci sau ɗaya. Wanda na ci ɗin, wani direban motar asibiti mai suna Curtis, ya nemi izini ya ɗaga sarkina, ya auna nauyin dalmar a tafinsa, ya ce bai taɓa taɓa irinsa ba, kuma idanun nan kada in kuskura in gyara su.

Ranar Laraba Royce ya kira ni, muryarsa kamar zuma. Ko zan zo in ɗan tsaya kusa da shi ranar Asabar?

Na ce, "Zan zo. Kujerar gaba ma zan kama."

Asabar ɗin iska ta juya daga arewa, gari ya bushe, sararin sama tas. Shago ya cika. Royce ya ɗauki mahayi da zarto, ya yanke ƙafar a cinya maimakon gwiwa. Ya ɗauki gam, yatsunsa biyu suka manne da wutsiyar kyarkeci. Mayafin da ya yi da danƙo ya fito kamar cingam ɗin da aka taka. Ya yi ta zuba surutu, gumi yana bin wuyansa.

Curtis ya ce, "Bar wannan, nuna mana ƙanƙarar."

Aka fita waje gaba ɗaya. Ya fesa wa wani soja, aka jira. Sojan ya bushe garau, ko ɗigon fari babu. Ya ƙara fesawa, ya ƙara, har sojan ya fara ɗiga. Wani daga baya ya ce a kawo masa tafki, dariya ta ɓarke.

Matar nan mai tambayar mayafi ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To wa ya yi mayafan?"

Royce ya dubi takalminsa. "Vernon ya ɗan taimaka."

Na ce, "Ɗan?"

Da aka koma ciki, Marlene ta jawo mini kujerar teburin gaba, ta buga bayan kujerar da hannu. Na zauna, na cuɗa danƙo, na jiƙa allura. Royce kuwa yana can yana ɓamɓare wutsiya daga yatsunsa.

In ka tambaye ni wa ya ci wa ya faɗi, ga yadda nake gani. Royce ya tsira da kyarketai, sunansa kuma yana kan allo har yau, don Marlene ta ce wake ya riga ya faɗa kofi. Duk ranar da na shiga shagon sai na ga sunan, sai raina ya ɓaci sabo. Amma babu mai sake musabaha da shi a teburin baya, kuma in an ga hadari ya haɗo sai a kira shi a ce ya fito da gwangwaninsa. Ni na yi asarar bazara guda, ban kuma sami fentin da aka yi mini alkawari ba, sai dai wadannina suna hawa tebur duk Asabar da sarkinsu mai ido biyu hanya biyu. Wadda ta fi kowa riba Marlene ce, don danƙo da zarto sun ƙare a shagonta kafin wata ya mutu, asararta kwalin hoda ɗaya. Wadda ta fi kowa faɗuwa kuwa Dolores ce. Rabin teburin nan da ta share mini, har yau bai koma hannunta ba.